Filin Inna: Sa bidonki a layi tukuna, kana ki yi haƙuri

Assalamu alaikum 'ya'yana da jikokina masu karanta wannan fili. Wannan karon saƙonni sun taru da yawa a salula, na zauna bayan isha'i ina bin su ɗaya-ɗaya sai na lura kusan duk abu guda ke damun ku, wato maganar manya da aka jefa ma mutum ya rasa yadda zai yi da ita. Na zaɓi biyar. Kamar kullum ba na sa sunan kowa, unguwa ko gari kawai.

Tambaya daga Garin Malam:

Inna ina wuni, ya gida ya jikoki. Dan Allah ki ɓoye sunana. Shekarata 3 da aure, ɗa guda gare ni. Maigidana ya tafi arewa wajen haƙar zinariya yau wata 14 kenan, da farko yana aiko da ɗan abin da ya samu amma yanzu wata 5 ko dala bai aiko ba, in na kira sai yace babu rezo. Ina zaune gidan uwar miji, ni ce ɗiban ruwa ni ce daka ni ce girki. Duk wanda na kai ma kuka sai yace yi haƙuri, mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romo. Wallahi Inna na gaji da jin maganar nan, in aka faɗa min ita har gabana faɗuwa yake. Wai haƙuri shi ne mutum yayi shiru har ya mutu?

Amsa:

Ɗiyata sannu, Allah ya kawo miki sauƙi. Na karanta saƙonki sau uku, kuma tun daga farko ina so ki sani ba ki yi laifi ba da kika gaji. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 samarinmu ke kwarara arewa, wasu sun dawo da abin hannu wasu sun dawo da ciwo wasu kuma shiru, gidajen da ke cikin halin da kike ciki a garin nan Allah kaɗai ya san yawansu.

Bari in ba ki labarin kakata, wadda ta haifi mahaifiyata, a Birni ta zauna har ta koma ga Allah. Kin san halin garinmu da ruwa. Damagaram bisa duwatsu take zaune, rijiya ba ta haƙuwa da sauƙi, har ma da Faransawa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan suka maida shi Yamai a 1926 ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa. An jawo ruwan Arunguza, an yi na Gogo da Machaya, daga baya aka kawo na Ganaram, amma har yau in bazara ta kama kin san yadda ake kwana wajen famfo. To muna yara in ruwa ya ɗauke kakata ba ta jiran gari ya waye, tun cikin dare za ta tashe mu mu kai tulu da bokiti mu jera a layi, a aza ɗan dutse bisa kowane don iska kar ta ture shi, kana mu dawo mu kwanta kunne na waje. Akwai wata maƙwabciyarmu, mace mai kirki ƙwarai, ita kuma in ance babu ruwa sai tace sai haƙuri, ta ja zanenta ta kwanta. Da asuba in famfo ya yi tari ya soma kawowa mu ne gaba, ita tana can baya, kafin a zo kanta ya sake ɗaukewa. Kakata takan ɗiba mata cikin namu, ba ta taɓa hana ta ba, amma in mun shiga gida sai tace mana: ku sa tulunku a layi tukuna, kana ku yi haƙuri. Ni yanzu da tulu ya ja baya na maida maganar kan bido, wato jarkar ruwa, ita nake faɗa ma 'ya'yana.

Shi kansa mai dafa dutsen nan da ake ta jefa miki, ki tambaye su wa ke iza masa wuta? Wanda ya aza dutse bisa murhu ai ba zaune yake ya rafka tagumi ba, yana neman icce yana fifita yana ƙara ruwa in ya ƙone. Manyan da suka yi karin maganar mutanen aiki ne, ba su san zaman banza ba. Mu ne muka zo muka yanke rabin maganar muke toshe bakin mata da ita, kuma wannan abin yana min ciwo sosai, don na ga matan da aka ce ma yi haƙuri yi haƙuri har hawan jini ya kwantar da su.

A addini ma ba haka abin yake ba. Khaula 'yar Sa'alaba da mijinta ya yi mata zihari, wato yace mata ta zame masa kamar mahaifiyarsa, ba ta zauna ɗaki tana kuka ba, tashi tayi ta kai ƙara wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana maida magana tana kai kukanta ga Allah, har aka saukar da farkon Suratul Mujadala a kanta. Ba wanda yace mata marar haƙuri. Ci da sha da tufa da wurin kwana haƙƙinki ne a wuyan miji ko yana gari ko ba ya nan.

Ga layin da za ki sa bidonki. Ki soma da waliyyinki, mahaifinki ko ƙanensa ko yayanki, ki zauna da shi ki faɗa masa komai da lissafi, wata kaza rabon da a aiko, ga abin da nake ci ga abin da yaro ke ci, ba da kuka kaɗai ba don kuka ana lallashinsa ne a wuce. Shi zai nemi manyan gidan mijinki. A nemi wani da ke tare da shi can wajen aikin a ji gaskiyar halin da yake ciki, don mai yiwuwa ne shi ma yana cikin wahala kunya ta hana shi faɗi, ban ce ki yanke masa hukunci tun ba a ji ta bakinsa ba. In an yi haka sau ɗaya sau biyu babu canji akwai liman akwai mai unguwa, in ta ƙi akwai alƙali a fadar sarki, aikinsa kenan. Sannan ki nemi 'yar sana'a a hannunki ko ta dala hamsin ce, ƙuli-ƙuli, ɗan wake, kitso, kwaɗon zogale, duk wadda kika iya. Uwar mijinki kuma ki ci gaba da kyautata mata, ita ma ɗanta ne ya yi nisa, ta yiwu dare ba ta barci. In kin yi waɗannan to haƙurin da ya rage mai daɗin ɗauka ne, don kin san kina jiran wani abu. Ki sake rubuto min bayan wata guda ina son in ji.

Tambaya daga wani ɗalibin jami'a:

Inna barka da aiki. Ni fa na lura karin maganar Hausa karo suke da juna. Ance sannu ba ta hana zuwa, an kuma ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ance gida biyu maganin gobara, an kuma ce taura biyu ba ta taunuwa. To wanne ne gaskiya? Ko dai kowa na zaɓen wadda ta yi masa daɗi ne?

Amsa:

Ɗana ka yi tambaya mai kyau, kuma na ji daɗi da ɗan boko ya tsaya yana auna maganar gida. Ka samu rana ka je majema ka tsaya ka kalli yadda ake jima. Fata za a jiƙa ta cikin ruwan toka ta kwana ta kwana har gashi ya saki, a fidda ta a kankare, a wanke, kana a tsoma ta cikin ruwan bagaruwa ana juyawa ana murzawa, in majemi yayi gaggawa ya tsame ta tun ba ta sha ba to in ta bushe sai ta ƙage kamar faranti, baduku ba zai saye ta ba, in ma ya saya jakar ba za ta yi ƙarko ba. Daga nan ka wuce maƙera. Maƙeri in ya fiddo ƙarfe jajir daga wuta ya tsaya gaisawa da kai to ya yi asarar gawayi da zuga, dole ya buga nan take. Yanzu kai ka gaya min tsakanin majemi da maƙeri wa ya yi ƙarya? Kowa ya faɗi abin da sana'arsa ta koya masa. Aikin da ya rage naka ne, ka duba abin da ke hannunka ka gane fata ce ko ƙarfe. Neman aure, karatu, gina gida, tarbiyyar yaro, waɗannan fata ne. Neman gafarar wanda ka ɓata ma rai, kai marar lafiya wurin lokotoro, shuka in ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, waɗannan ƙarfe ne, in ka bari suka huce shikenan.

Gaskiyarka ne akwai masu zaɓen wadda ta yi musu daɗi, malalaci ya fi kowa sanin sannu ba ta hana zuwa. Ni abin da nake yi, in na ji wata karin magana ta yi min daɗi da yawa a cikin wani al'amari sai in nemo kishiyarta in ajiye su gefe da gefe, sau da yawa wadda ba na son ji ita ce tawa a ranar.

Tambaya daga Sabon Gari:

Inna ni ɗan kabu-kabu ne, shekarata 24. Alhamdulillahi ina samu, in na fidda kuɗin mai da na mai moto wani abu na saura, amma kafin in kwanta ya ƙare a fada, shayi, nama, kati, wannan ya roƙa wancan ya ranta. In nace zan ajiye sai abokai su ce abin da ka ci shi ne naka, gobe ta Allah ce. Shekara 4 ina aikin nan ko taya ban mallaka ba. Me zan yi?

Amsa:

Ɗana gobe ta Allah ce, wannan gaskiya ne babu ja. Yau ɗin ma ta wa ce? Ai ita ma tasa ce, amma ka tashi da asuba ka tada moto. Wani mutum ya tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, in ɗaure raƙumata in yi tawakkali ko in sake ta in yi tawakkali, yace masa ɗaure ta kana ka yi tawakkali, Tirmizi ya ruwaito. Annabi Yusuf kuma da ya fassara mafarkin sarkin Masar cewa yayi ku yi noma shekara 7, abin da kuka girbe ku bar shi cikin zangarniyarsa sai kaɗan da za ku ci. Duk ɗan ƙauye ya san hikimar nan, hatsin da aka zuba rumbu da daminsa ya fi wanda aka sussuke daɗewa.

Kai ba a haife ka ba lokacin El Buhari, yunwar 1984, damina ta ƙi ga iyakar Najeriya a rufe. Ni na gani da idona. Mutane anza suka koma ci, a jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa don ɗaci ya fita, Buzaye da Fulani suka gangaro gari dabbobinsu sun ƙare. A gidanmu akwai wani ɗan tulu a ƙuryar ɗakin mahaifiyata, mahaifina ya cika shi da irin hatsi ya barbaɗa toka ya liƙe bakin da laka. Akwai daren da ƙannena suka yi ta kuka babu abin da aka aza, mahaifiyata ta kalli tulun ta kalle shi, shi kuma hawaye na zuba a gemunsa yace ba a cin iri. Ya fita cikin daren ya je ya saida babbar rigarsa ta sallah ya samo tiya biyu. Da ruwa ya sauka a shekarar da ta biyo mu muka riga shuka, wasu maƙwabta da suka cinye nasu sai da suka yi ta yawon neman iri har ruwan farko ya wuce su. Maganar nan ta mahaifina kalma huɗu ce kawai amma duk gidanmu da ita muka girma, har albashina na koyarwa a lakwal da na soma ɗauka sai da na fidda iri a ciki.

To kai ma a cikin abin da kake samu kullum akwai abinci akwai iri. Ka fidda irin tun da rana kafin ka isa fada, ba abin da ya saura da dare ba, don ba abin da zai saura. Dala ɗari a rana, in ka yi kwana 300 kana ajiyewa jika 150 kenan. In ta yi maka nauyi soma da dala hamsin, jika 75 ce a shekara, da yayyafi kogi kan cika. Kuma kar ka bar shi a aljihu ko ƙarƙashin katifa inda hannu ke kai, ka shiga adashi da mutanen da ka san gidajensu, ko ka ba mahaifiyarka ta riƙe maka, ko in ya ɗan taru ka sayi ɗan rago a kiwata maka a gida zuwa layya. Burinka na farko moto taka ta kanka, ranar da ka daina biyan mai moto kullum ranar ka soma aiki ma kanka.

Ban ce ka bar fada ba, kuma ban ce ka zama marowaci ba. Zama da abokai rahama ne, ranar da ka faɗi da moto su ne za su ɗauke ka. Allah ma cewa yayi cikin Suratul Isra'i kar ka ƙuƙunce hannunka a wuya kar kuma ka shimfiɗa shi gaba ɗaya. Ka sa naka kason na shayi kamar kowa, in an roƙe ka abin da ya wuce haka kace babu, ba ƙarya kayi ba tunda iri ba naka ba ne na ci.

Tambaya daga Mirya:

Inna ina kawo kayan lambu kasuwar Dole. Aminina tun na yarinta ya nemi in ranta masa kuɗi masu ɗan yawa, ina so in ba shi amma ina son a rubuta, kuma ina jin kunya kar yace ban yarda da shi ba. Ance bashi hanji ne yana cikin kowa.

Amsa:

Ɗana a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma sahabbai aka soma faɗa ma ita, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Ka ce masa aboki mu bi umarnin Allah, ni da kai duk masu mutuwa ne, kar mu bar 'ya'yanmu da gardama. Kaye da bik, adadi, ranar biya, mutum biyu su sa hannu, shikenan.

Ni kunyar nan ta taɓa cina. Na ranta ma wata 'yar uwata jika 40 lokacin jika 40 kuɗi ne, ba takarda ba shaida, bayan shekara biyu ni ina tuna 40 ita tana tuna 25, kuma na tabbata har ranta haka take tunawa ba cuta ta nufa ba. Kuɗin ban damu da su ba yanzu, abin da ke min zafi shekara 6 muka yi gaisuwarmu ba ta wuce ta biki da ta mutuwa ba. In ranar biya ta zo ka ga da gaske yana cikin matsi ka ƙara masa lokaci, wannan ma yana cikin surar, aya ta 280.

Tambaya daga Agadas:

Inna ni ɗiyar Birni ce aure ya kawo ni nan. Kakata ta tsufa ƙwarai, bakinta cike yake da maganganu irin na da waɗanda ban taɓa ji wurin kowa ba. Ina tsoron ta tafi da su. Ya zan yi?

Amsa:

Ɗiyata wannan ƙarfe ne, kar ki bari ya huce. Ni na yi wannan sakacin da tawa kakar, abin da na riƙe bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, kuma ita ta ji labarin zamanin Sarki Tanimun daga bakin waɗanda suka ga ana gina ganuwa, duk ya tafi da ita. Ki nemi izinin maigidanki ki zo ko na sati guda ne.

In kin zo kar ki ce mata Kaka faɗa min karin magana, za ta ce ta manta, don ba a jere suke cikin kanta ba, kowace tana liƙe da wani abu da ya faru. Ki tambaye ta labarin aurenta, da yadda suka yi da kishiya, da shekarar yunwa, da wanda ya koya mata kaɗi, maganganun za su fito da kansu. In ta faɗi ɗaya ki tsaida ta ki ce wa ya faɗa miki wannan, ran da me ya faru, ki ɗauki amsar ita ma. Ki gaya mata kina ɗaukar muryarta ta yarda tukuna, kana ki ajiye salular gefen tabarma kar ki kai ta bakinta, tsofaffi in suka ga abu a gabansu sai su soma magana irin ta rediyo. Ki je da goro da ɗan turare, bayan la'asar ya fi in rana ta yi sanyi, kuma in kin gama ki tura ma 'yan uwa biyu ko uku abin da kika ɗauka tun a ranar, salula na faɗawa ruwa.